Ɗigon Baƙi a Tafin Ƙafata

Da sunan Allah nake buɗe wannan shafi. Tun ranar da na sa hoton bikin ƙanwata kuke tambayata me ya sa ƙafar kowa ta sha lalle, tawa babu ko ɗigo. Wasu sun ce gayu ne, wata ma ta ce ko aƙida ce. Ba ko ɗaya. Yau zan faɗa muku, amma ku yi haƙuri da ni, don maganar ta daɗe a cikina.

Sunana Ikilima. A bazarar 2004 shekarata ashirin da biyu, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare a Limawa. Muna zaune a Yalwawa ni da Inna da ƙanwata Asma'u, a gida mai ɗaki biyu da darbejiya a tsakar gida. Saura kwana ashirin da uku a ɗaura aurena da Misbahu. An kawo lefe, akwati huɗu jere a ƙuryar ɗakin Inna an lulluɓe su da zanin gado. An fitar da anko, atamfa ruwan ƙasa mai zanen ganye.

Wata Alhamis na dawo daga makaranta, na zauna bakin rariya ina goge kaushi da dutse, don mai gyaran jiki ta ce kada in kawo mata ƙafa irin ta manomi. Na gama dama, na ɗora hagu a gwiwa na juya tafin. A nan na gan shi. A lanƙwasar ƙafar, gaba kaɗan da diddige, wani ɗigon baƙi, girmansa bai kai ƙwayar wake ba. Ba zagayayye ba ne. Gefensa ya yi kamar tawada ta zuba a farin yadi ta fara bin zare. Tsakiyarsa baƙi wuluk, gefe ɗaya ruwan goro.

Na sa dutse na goge. Na ƙara sabulu na goge har wurin ya yi ja. Yana nan.

Ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi. Abin da ya tsorata ni ke nan, don na Baba ma da farko ba ya zafi.

Babanmu, Malam Jaji, ya baro ƙauyenmu na wajen Kiyawa ne shekarar da aka ƙirƙiro jiha, ya samu aikin akawu a Dutse. Mutum ne mai tafiyar ƙasa, ko keke ba ya so. A 1995 wani baƙin tabo ya fito masa a diddige, ya ce ƙaya ce ta karye a ciki. Wata shida yana tafiya a kansa. Daga nan tabon ya tasa, ya fashe, ya zama gyambo mai baƙin baki wanda ba ya jin magani. Kaluluwa ta fito masa a matsematsi kamar ƙwan kaza. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an kawo saiwa daga har Gwaram. Lokacin da aka kai shi Kano, likitoci suka ce an makara, amma suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa ko Allah zai sa a dace. Ya dawo gida da sandar dogarawa, ya yi wata bakwai, ya rasu da daminar 1996.

Ina da shekara goma sha huɗu lokacin, ni ce mai wanke tsummokaran da ake ɗaure masa. Warin nan ban san da me zan kwatanta muku shi ba. Ya shiga bangon ɗakin, har aka yi sabon shafe bai fita ba. Kuma shekaru bayan rasuwarsa, da tsakar rana in gida ya yi tsit, sai in ji sandarsa a siminti, ƙwas, sai shiru, ƙwas, tana nufo ƙofar ɗakinmu. In na ɗaga labule, kaji kawai nake gani.

Ba shi ne na farko ba. Mahaifiyarsa, Iya, haka ta tafi tun ban yi wayo ba. Bayansa da shekara uku ƙanwarsa, Gwaggo Luba, nata ya fito a ƙarƙashin farcen babban yatsa. A dangi an san dalili, ko in ce an yarda an san dalili. Wai kakanmu ya yi rigimar fadama da wani mutum, alƙali ya ba kakanmu gaskiya, mutumin ya rantse zuriyarsa ba za ta taka ƙasar nan da lafiya ba, ya binne abu a hanya. Saboda haka a gidanmu ba a cewa wane ya yi ciwo. Cewa ake yi wane ya taka.

Ina zaune a bakin rariyar nan wayata ta yi ƙara daga kan taga. 'Yar Nokia ce da Misbahu ya kawo mini, kuma a duk gidan kan tagar nan ce kaɗai ke kama sabis. Saƙonsa ne ya shigo.

"Malama, yau na ga an gama fentin ɗakinki. Shuɗi kamar yadda kika ce. Ina nan zuwa bayan la'asar."

Na karanta sau uku. Na sa safa, abin da ban taɓa yi a cikin gida ba, ga zafin bazara.

Ya zo cikin farar shadda da hula zanna, ya jingine babur ɗinsa a ƙofar gida. Misbahu ma'aikaci ne a sashen gona, gidansu a Takur, dogo, mai maganar sanyi, irin mutanen da in sun yi dariya sai su sunkuyar da kai. Muka zauna a zaure, ƙofa a buɗe, Asma'u daga ciki tana tsince shinkafa inda za a riƙa ganinta, don tun da aka fara shari'a haka zance ya koma a unguwarmu.

"Yau kin yi shiru," ya ce.

"Gajiya ce. 'Yan aji uku ba dama."

"Saura kaɗan ki huta. Hajiyarmu ta ce in tambaye ki, gadon a sa shi ta gabas ko ta wajen taga?"

Ina kallon bakinsa yana motsi, ni kuwa abin da nake ji shi ne wurin nan a tafin ƙafata, kamar na taka garwashi marar zafi. Na ce ta wajen taga. Ya ce shi ma haka ya zaɓa. Ya tafi yana murna.

Washegari Juma'a. A gidanmu akwai wata al'ada da ban taɓa tambayar dalilinta ba. Duk Juma'a bayan azahar Inna takan zaunar da mu a tabarma ta shafa mana man kaɗanya a ƙafa, yatsa bayan yatsa, har da girmanmu. Mukan yi mata tsiya, ta ce kaushi ba ya yi wa 'ya mace kyau. Ranar na bari Asma'u ta tafi ɗebo ruwa, na miƙa wa Inna ƙafar hagu da kaina, na nuna.

"Inna, duba."

Ta duba. Fuskarta ba ta canja ba, ko kaɗan. Ta lakato mai ta ci gaba da shafawa.

"Tawadar Allah ce."

"Tawadar Allah da ba a haife ni da ita ba?"

"Ranar ƙunshi za a sa lalle ya rufe. In ya yi baƙi ba mai gani."

A nan wani abu ya faɗo mini. Na janye ƙafata.

"Inna, kin taɓa ganinsa."

Ta murza sauran man a tafin hannunta. Ni ce 'yar fari, tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, daga "ke" sai "yarinyar nan". Ranar ta faɗa.

"Ikilima, tun azumi na gan shi. Lokacin kamar ƙwayar gero yake."

Wata biyar ke nan.

"Babanku ne ya bar mini wasiyya," ta ce, muryarta can ƙasa. "Ya ce Lauratu, ki riƙa duba ƙafar yaran nan. Shekara takwas ina dubawa, duk Juma'a gabana na faɗuwa. Da na gani, sati biyu ke nan da sa ranarki. Na ce in na yi magana sun fasa, in sun fasa ba mai sake zuwa gidan nan, har Asma'u ta shafa. Na ce bari ki shiga ɗakinki tukuna. Ko da kwana ɗaya ne ki ga abin da kowace mace take gani."

Ku yarda da ni, na so in ji haushinta. Na nemi haushin ban samu ba. Abin da na gani mace ce da ta yi wa mutum biyu jinya har kabari, ta zauna tana jiran na uku.

Gidan da ke jikin namu wata nas ce ke haya, Zipporah, 'yar Filato. Ta girme ni da kamar shekara shida. Ita ke ba mu ƙanƙara in an kawo wuta, mu kuma mu kai mata tuwon sallah. Da yamma na ga ta dawo, ta yafa gyale a kan fararen kayan aikinta kamar yadda ta koma yi tun da gari ya canja, na bi ta ciki. Ban yi dogon bayani ba, na cire safa.

Ta ja ni bakin ƙofa inda akwai haske. Ta daɗe tana kallo, ta taɓa gefen da yatsa.

"Tun yaushe?"

"An ce tun azumi."

"Yana girma?"

"Daga gero ya koma wake."

"Litinin ƙarfe takwas ki shirya, tare za mu tafi. Akwai Dakta Jang, ya yi aiki a Kano, ya san irin wannan."

"Anti Zipporah, saura kwana ashirin da biyu."

"Na sani. Ni ma na yi ankon. Amma Ikilima, na fi son in zo bikinki a makare da in zo gaisuwa a kan lokaci."

Dakta Jang dattijo ne mai furfura a gefen kai, Hausarsa irin ta mutanen Jos. Ya duba ƙafar da wani gilashi, ya auna ɗigon da ƙaramin ma'auni, ya sa Zipporah ta laluba matsematsina ko akwai kaluluwa. Babu. Sannan ya jawo farar takarda ya ce in faɗa masa duk wanda ya taɓa irin wannan a danginmu. Ina faɗa yana zanawa, maza murabba'i, mata da'ira, layi na haɗa iyaye da 'ya'ya. Wanda ciwon ya kama sai ya cike shi da baƙin biro. Iya. Baba. Gwaggo Luba. Da ya gama ya juyo mini da takardar, na ga baƙaƙen nan suna gangarowa kamar matakala, a ƙasa ga da'irata fara, ya sa mata alamar tambaya.

"Abin da nake zargi dajin fata ne," ya ce. "Mu muna ce masa melanoma. Daga ƙwayoyin da ke ba fata launi yake tashi. A wurin Turawa ya fi fitowa inda rana ke duka, a wurinmu kuwa ya fi son tafin ƙafa da ƙarƙashin farce. Yawanci haka kawai yake zuwa wa mutum ɗaya. Amma uku a gida ɗaya, uwa da 'ya'yanta biyu, wannan ya sa ni tunanin gado."

"A gidanmu cewa ake mun taka."

Bai yi dariya ba.

"Na sha ji. Bari in faɗa miki nawa sanin. A jikin kowa akwai abin da ke yi wa ƙwayoyin jiki birki, kada su yi ta haihuwa ba tsayawa. Biyu mutum ke gada, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A wasu gidaje ɗayan yakan zo da rauni, ya bi jini daga kaka zuwa jika. A ƙasashen waje ana iya gwadawa a gani, mu nan ba mu da wannan gwajin, don haka ba zan rantse miki ba. Amma takardar nan tana magana."

"To 'ya'yan da zan haifa fa?"

Ya ajiye biron.

"In har shi ne, kowane ɗa rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba. Kuma ba duk wanda ya ɗauka ne ciwon ke fito masa ba. Abin da na sani tabbas shi ne, babanki ya zo da gyambo, ke kin zo da ɗigo. Tsakaninsu akwai nisa. Ina so in yanke shi da naman da ke kewaye da shi, in aika Kano a duba. Cikin satin nan."

Kafin mu dawo gida Inna ta riga ta aika ƙauye. Da azahar ɗin Talata sai ga Baffa Arzika, yayan Baba, shi kaɗai ya rage a ɗakinsu, kuma shi ne waliyyina. Ya zauna a kujerar tsakar gida, babbar rigarsa ta sha ƙurar mota, ya ƙi ko shan ruwa.

"Na ji an ce kin je kin buɗe wa wani namiji ƙafarki, wanda ba ma addininmu ɗaya ba."

"Likita ne, Baffa."

"Su ba likitoci ba ne suka guntule Jaji? Ya tashi? Luba da suka cire mata yatsa, ta tashi? Wannan abu ba ya son ƙarfe. Duk wanda aka sa wa ƙarfe a gidanmu sai da muka ɗauke shi a makara."

"Sun ce an makara ne."

"Kullum haka suke cewa." Ya juya wajen Inna. "Lauratu, na zo da rubutu da turare. A yi mata kwana bakwai. A ɗaura aure yadda aka sa. Maganar nan kuma kada ta fita zauren nan. In mutanen Takur suka ji wai a jininmu yake, ba ita kaɗai aka kashe wa aure ba. Ina da 'ya'ya mata biyar a gida."

Wannan ta shige ni, don gaskiya ce. In sammu ne, laifin wani ne can da ya mutu tuntuni, ana iya karya shi. In gado ne, mu ne abin gudun. Na kalli Asma'u tana tsaye jikin darbejiya, shekararta goma sha bakwai, ta ƙura wa ƙafafunta ido.

Na karɓi rubutun na sha a gabansa, don ba ni da faɗa da ayar Allah. Amma da ya fita masallaci na ɗauki waya na hau bakin taga.

"Ka zo yau don Allah. Akwai magana."

Ranar ban yi kwalliya ba. Hijabi ruwan toka na sa a kan kayan gida. Misbahu yana zama ya dube ni ya ce, "Wa ya rasu?"

"Ba kowa. Ka san abin da ya kashe Baba?"

"An ce ciwon ƙafa."

Na faɗa masa duka. Iya, Baba, Gwaggo Luba, takardar Dakta Jang, rabi da rabi. Ban nuna masa ƙafar ba, na kwatanta masa da yatsa a kan tabarma, nan ne, girmansa kaza. Ina magana ina jin muryata kamar ta wata. Na ce jibi za a yanke. Na ce Baffa ya hana a faɗa, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ba zan iya shiga ɗakin da ya yi wa shuɗin fenti da wannan a ƙarƙashin lalle ba.

Ya cire hularsa ya riƙe a hannu yana juya ta.

"Za ki warke?"

"Likita ya ce da sauran dama."

"Yaran kuma..."

"Ban sani ba. Shi ma bai sani ba."

"Ni kaɗai ne namiji a wurin Hajiya, kin sani."

"Na sani. Shi ya sa na faɗa maka tun kana da hanyar fita."

Ya ɗago ya dube ni, idonsa ya kaɗa. Na jira ya ce wace irin magana ce wannan. Wallahi na jira. Sai ya mayar da hular kansa ya ce, "Bari in je, an kusa kiran magariba." Na ji ya yi ta buga babur ɗin yana ƙin tashi, har sau biyar, sannan ƙararsa ta yi nisa.

Ranar Alhamis da safe na fito zan tafi asibiti, na tarar da Inna a zaure ta riga ni shiri, da mayafinta da fulas ɗin kunu. Muka kama hanya tare. Baffa ya koma ƙauye tun jiya cikin fushi, ya ce ba ruwansa.

Allurar kashe zafi aka yi mini, idona biyu. Ina kallon silin ina jin ana jan fatata kamar ana ɗinkin buhu. Zipporah ta riƙe mini hannu. Da aka gama na ce a nuna mini. Ga shi a 'yar kwalba cikin ruwan magani, guntun nama kamar yankan kubewa, ɗigon a tsakiya. Abin da ya cinye mutum uku a gidanmu, na ce a raina, ashe farkonsa ke nan. Aka liƙa wa kwalbar sunana aka tafi da ita.

Kwana biyu bayan nan kawun Misbahu ya zo da wani dattijo. Daga ɗaki nake jin su. Sun ce ba fasawa aka yi ba, ɗagawa ce, har Allah Ya ba yarinya lafiya. Inna ta ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Bayan fitarsu ta shiga ta ƙara wani zanin a kan akwatunan, kamar masu jin sanyi.

Daga Misbahu saƙo ɗaya na samu: "Ina yi miki addu'a. Ki ba ni lokaci." Na bar wayar a kan taga, kullum in duba ta fi sau hamsin. In ta yi ƙara, ƙawaye ne masu tambayar ko gaskiya ne abin da suka ji. Maganar ta zaga Yalwawa. Wata maƙwabciya da ta zo dubiya ta ƙi taka tabarmarmu, ta tsaya daga bakin ƙofa da takalminta.

An ba ni sandar dogarawa don kada in taka ɗinkin. Ranar farko da na ratsa tsakar gida da ita, na ji ƙararta a siminti, na ga Inna ta saki ludayin da ke hannunta ta dafe bango. Daga ranar na ɗaura wa gindin sandar tsumma.

Ranar da aka sa za a ɗaura auren ta zo ta wuce. Asabar ce. Mun ci dambu, ba wanda ya ambata.

A kwana na goma sha tara da yankan, Zipporah ta shigo da rana tsaka, ko gida ba ta biya ba. Ta zauna bakin katifata ta kama hannuna.

"Sakamako ya dawo. Shi ne, Ikilima. Dajin ne."

Inna ta fara salati.

"Ku tsaya ku ji sauran. Bai yi zurfi ba, ko kaurin farce bai kai ba. Kuma naman da ke kewaye da shi duk lafiya lau, an cire shi gaba ɗaya. Dakta ya ce da an ƙara wata shida da wani labarin ake yi. Za ki riƙa zuwa duk wata uku a duba ki. Tafin ƙafa da farce kada ki ƙara rufe su da komai, ki bar su inda ido zai gani. Ya kuma ce duk wanda ya haɗa jini da babanku ya zo a duba shi."

Ban yi kuka ba sai da na ga Inna ta kifa goshinta a ƙasa, ba sallaya ba komai, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Inna ta aika ƙauye da saƙon likita. Ba mu sa ran amsa ba. Amma ranar Larabar makon da ya biyo baya, da hantsi, Asma'u ta leƙo ta ce Baffa Arzika yana zaure, kuma ya ce ni kaɗai yake son gani.

Na dogara sandata na fita. Yana zaune a dakali, ya rame, ko kuwa ni ce ban lura ba wancan zuwan. Na durƙusa yadda ƙafar ta bari na gaishe shi. Bai amsa da faɗa ba.

"An ce naki sun cire duka."

"Haka suka ce, Baffa."

"Kuma kina takawa."

"Kaɗan-kaɗan."

Ya gyaɗa kai. Ya dubi ƙofa, ya dubi hanyar cikin gida. Sannan ya sunkuya ya zare takalminsa na dama, ya fara warware wani tsumma da ya naɗe babban yatsansa da shi. Tun kafin ya gama warin ya iso ni. Shekara takwas rabona da shi, amma hancina bai manta ba. Farcen ya tafi, wurin ya zama baƙin nama mai tsatstsafar ruwa, baƙin ya malalo har kan fatar yatsan.

"Shekara guda da rabi," ya ce, bai dube ni ba. "Ko matana ba su sani ba. Na sha rubutun da ya fi tulu goma." Ya ajiye tsumman a gwiwarsa. "Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ikilima, likitan nan naki, yana duba tsofaffi?"

Na buɗe baki ke nan na ji ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida. Na san ƙarar. Kwana ashirin da tara ina sauraron ta.

Misbahu ya yi sallama ya shigo, kafin Baffa ya samu damar rufe ƙafar. Ya tsaya cak. Ya dubi yatsan, ya dubi bandejin da ke ƙafata, ya sake duban yatsan. Duk abin da na kwatanta masa da baki a kan tabarma, ga shi yau a gabansa, farkonsa da ƙarshensa a zaure ɗaya. Na ce a raina shi ke nan, yanzu zai juya.

Ya durƙusa ya gaishe da Baffa. Ya ɗauki takalmin da ke ƙasa ya riƙe.

"Baffa, a naɗe a taso. In muka yi sauri za mu samu likita bai tashi ba."

Shi ya tallafe shi har kan babur, ya gyara masa babbar riga kada ta shiga ƙafar babur ɗin. Sai da ya hau ya juyo ya dube ni, karo na farko sosai. Fuskarsa ba fara'a, ba kuma fushi.

"Ni na gama tunanina, Malama," ya ce. "Amma Hajiya ta ce ba da ni za ta yi magana ba. Gobe da hantsi tana nan zuwa da kanta, kuma ta ce a ajiye mata takardar nan da likita ya zana."

Ya ja babur. Na tsaya a ƙofar zaure da ƙafa ɗaya, ina kallon bayan Baffa ya ƙanƙame kafaɗar mutumin da ya hana a faɗa wa gaskiya, har suka sha kwana. Sai a lokacin na tuna ban tambaye shi me tunanin nasa ya yanke ba.